Shekarar da Anka Buɗe Gurbi

Ku ɗiyana, ku saurara in gaya muku abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na gaji da jin ana cewa babanku ne ya kashe tabkin garinmu, ku kuwa kuna ji kuna sunkuyar da kai kamar waɗanda anka kama da akuyar mutane. Har ke Rabi, da bakinki kin ce mini bara, Allah ya jiƙan Baba amma ya yi kuskure. Ina da amsa rannan, amsar ce ta yi mini nauyi. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya rage, ban san ko zan ga wata damina ba. To ga maganar nan yadda ta faru, ba ragi ba ƙari.

Ku manyan kun san tabkin yana da rai, ƙananan kuwa labarinsa kawai kunka tarar. In ruwan gulbin Majiya ya sauko da damina, tabkin nan yakan cika har ya taɓa gonakin dawa, wanda ke wancan ƙetare sai ya yi ƙara kafin ka ji shi. Da rani ruwan ya yi ta janyewa, ya bar laka da sawun shanu, amma akwai wuri guda can wajen tsamiyoyi da bai taɓa ƙafewa ba tun da anka san garin. Shi muke ce wa Gurbi. Dogon namiji ya tsaya a kan kafaɗar wani, ruwan ya shanye su duka biyu. Nan manyan kifaye ke taruwa su jira damina, giwan ruwa da bali da manyan tarwaɗa masu kai kamar akushi. Babanku shi ne Sarkin Ruwa, ya gada wajen kakanku, Basarke, masuncin gado, da ya biyo ruwa daga ƙasar Kabi ya zauna nan. Dokar ruwan ba ta da yawa. Tarun da idonsa bai ɗauki yatsa huɗu ba, ba ya shiga tabki. Da zarar sanyi ya wuce kuma, babanku ya ɗauki doguwar gora da farin ƙyalle a kai, ya shiga jirgi ya kafa ta a bakin Gurbi. Daga ranar ba taru, ba ƙugiya, ba komai bayan gorar nan sai sabon ruwa ya zo.

Ni kuwa aikina banda da suya. Kifi ya fito ruwa, hannuna yake biyowa kafin ya ga kasuwa. Karfasa guda a lokacin tana cika kasko, ki juya ta da hannu biyu. Ran kasuwar Konni in na sauke kwando daga amalanke, ban gama kwance tsumma ba an saye. Ina kewar warin nan, wallahi ina kewarsa, hayaƙin kirya da man kifi da ke bin zanena har wajen biki. Mata na toshe hanci suna ce mini Hajo mai ƙarni, ni ko a jikina, ƙarnin nan shi ya yi wa yayarku kayan ɗaki.

Babanku ba mai yawan magana ba ne, kun sani. Tun ina amarya na taɓa tambayarsa mi ya sa ake hana Gurbi, alhali nan kifin yake.

Ya ce, "Haka na tarar."

Na ce, "Shi Baba bai gaya maka dalili ba?"

Ya ce, "Ban tambaye shi ba, Hajo. Ke ce mai tambaya."

Sai shekarar fara ta zo. Ruwan sama ya ɗauke hatsi na fidda kai, abin da ya rage fara ta sauka ta gama da shi. Ba mu kai tsakiyar rani ba rumbunmu ya koma ɗakin kaji. Samari sun watse, wasu Najeriya, wasu Abija ta Kwaddibuwa, har babban wanku, wanda ba ni faɗin sunansa, ya tafi bai yi sallama da kowa ba don kunya. Munka koma cin anza ta daji, a jiƙa ta kwana da kwanaki a zubar da ruwan ɗaci, a dafa a ci, ciki na murɗawa. Fulanin da ke kawo mana nono sun sayar da shanu a kuɗin akuya. Tabkin ma ya ja baya fiye da kowace shekara, an tsefe bakinsa da taru har ba abin da ke fitowa sai kwaɗi. Ke Rabi kina shekara uku, gashin kanki ya koma ja, kina zaune inda anka ajiye ki, ko ƙuda ba ki kora. Gorar babanku kuwa tana nan tsaye da farin ƙyallenta, ƙato da ƙato na wucewa suna kallonta suna haɗiyar miyau.

Wata safiya Baba Ila, ƙanen babanku, ya shigo gida da giwan ruwa a kafaɗa, wutsiyar na jan ƙasa. Ya rantse a wajen gora ya kama shi, kifin ne ya fito yawo ya haɗiyi ƙugiya. Ila abokin wasana ne, na ce masa rantsuwarka da ta ɓarawon kaza duk ɗaya, ajiye in gyara. Na kawo wuƙa na farke cikin. Abin da na gani shi ya juya mini kai. Karfasa ce cike da tumbin, wasu sun narke, wasu ko ɓawonsu bai goge ba. Na jera su a kan faifai, bakwai. Na dubi faifan, na dubi ke Rabi a gindin turmi. Kifi ɗaya, kalacin safe ɗaya, ya cinye abin da zai ciyar da gidana yini biyu. To su nawa ne a Gurbin, kuma shekara nawa suna yi mana wanga aiki muna gadinsu?

Na ɗauki faifan na iske babanku a zaure yana ɗinkin taru. Na dire shi a gabansa.

Na ce, "Sarki, dubi abin da kake tsaro."

Ya duba, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Na ce, "Ɓarayi kake gadi da farin ƙyalle. Su ci su yi ƙiba, ɗiyarka na mutuwa a gindin turmi. In anka fidda su, mu ci namansu bana, baɗi kuma karfasar da suke cinyewa ta zama tamu. Ina asarar take? Gaya mini in ji."

Ya ce, "Hajo, Gurbi ba a buɗe shi."

Na ce, "Don mi?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Kai, wannan amsa ta ƙona mini rai. Da ya yi mini tsawa, da ya ce aljanu ne a ciki, da wataƙila na bari. Amma mutum ya dube ni ya ce bai sani ba, ni kuwa ga hujjata bakwai a faifai. Kun san bakina, ba sai an ba ku labari ba. Kwana tara ban bar shi ya sha ruwa da daɗi ba. In ya shigo in fara, in zai fita in raka shi da ita har zaure. Na ce masa mai tsoron matattu, na ce kakanku da ya kafa dokar bai taɓa ganin ɗiyarsa da jan gashi ba. Na ce in yarinyar nan ta mutu, da ƙyallen gorarsa za mu yi mata likkafani. Wannan ta ƙarshe ita ce ta karya shi, na ga lokacin da ta shige shi, kuma har yau in na tuna ina jin kunyar Allah. Mutanen gari ma sun yi ta roƙonsa, ba na ce ba su yi ba. Amma su yakan ce musu a yi haƙuri, su juya su tafi. Ni ce ba ni da inda zan tafi, shi ma ba shi da inda zai guje mini.

Ran na goma bayan sallar asuba ya ɗauki jirgi shi kaɗai. Ina tsaye a bakin tabki na ga ya kama gorar ya girgiza ta, ta ƙi fita, ya sake, sai ta taho da baƙar laka. Ya kwantar da ita cikin jirgi kamar mai kwantar da mara lafiya. Da ya fito ya ce wa Ila a gaya wa mutane kwana uku ne, manyan kifaye kawai, taru mai yatsa huɗu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwana ukun nan ban taɓa ganin irinsu ba, kuma na yi murna. Maza arba'in a igiyar taru, ruwa na tafasa, giwan ruwa na tsalle yana faɗowa kamar an jefa turmi. Akwai wanda sai da mutum uku sunka ɗauke shi. Bali kuwa har anka rasa inda za a aza. Wani Alhaji ya zo daga ƙetaren iyaka da mota cike da ƙanƙara, ya sauke buhunan masara ya loda kifi. Duk gidan da ka wuce hayaƙi ke tashi. Ke Rabi na ɗura miki romo da ludayi, ran na huɗu kinka kori kaza da kanki. Garuruwan da ke kewaye da mu sun binne yara a bazarar nan, mu ba mu binne ko ɗaya ba. Wannan ma ku riƙe, don gaskiya ce, kuma ita kaɗai nake da ita ta kāre kaina.

Da kwana ukun sunka cika babanku ya koma ya kafa gorarsa. Amma gorar da anka taɓa gani kwance cikin jirgi ta zama itace kawai. Wanda bai samu da yawa ba ya ce a ƙara masa yini. Wanda ya samu ya ce ai an riga an buɗe. Kafin ruwa ya sauka an shiga Gurbi ya fi sau goma, babanku na bakin ruwa yana kira ba mai waiwaye. Baƙin masunta sunka ji labari sunka zo da nasu taruna. Sai kuma ga gidan sauro da anka raba wa mata a gidan likita, wani mai wayo ya haɗa huɗu ya ɗinke, ya ja a bakin ruwa, ya kwaso har abin da bai fi ƙwayar kabewa ba. Kafin shekara ta kewayo rabin garin na kwana sauro na cizo, gidan sauron na tabki.

Shekarar da ta biyo, karfasa ta yi yawa kamar yadda na faɗa. Ko'ina ka jefa tarun birgi sai ya cika. Ina tafiya ina jin kaina, har na ce wa babanku, to Sarki, wa ya yi gaskiya? Ya ɗauki guda ya aza a tafin hannunsa. Ban gane abin da yake aunawa ba sai a shekara ta uku. Karfasar da ke cika kasko ta koma tafin hannu, daga tafin hannu ta koma yatsa uku, kuma a nan ta tsaya. Ba wai ƙanana ne da za su girma ba. Ina farke su ina ganin ƙwai, ga uwa ba ta fi ɗan yatsana ba tana ɗauke da ɗiya a baki. Sun cika ruwan maƙil, kai da ido da ƙaya, ba tsoka. In kin soya sai su shanye mai su bar ki da ƙaya. Bali ya ɓace gaba ɗaya, sheƙar da yake yi cikin ciyawa taru ya tattake. Giwan ruwa kuwa tun daga shekara ta biyu ba wanda ya sake ganin ko ɓawonsa. Abin da ya rage sai gaiwa da 'yan tarwaɗa masu shiga laka, su da ba abin da ke kashe su. A Konni matan da ke rububin kwandona sunka fara ɗaga tsumma su mayar su wuce.

Wata rana da hantsi muna gona ni da babanku muna rage hatsi, kun san in ya tsiro da yawa a rami guda sai an cire wasu. Ya tsuguna da tsiro a hannu ya daɗe bai motsa ba, har na ce ko kunama ce.

Ya ce, "Hajo, na gane abin da Baba bai gaya mini ba."

Na ce, "Mi?"

Ya ce, "Wanga aiki da muke yi, shi giwan ruwa ke yi a tabki. Bakwai ɗin da kinka gani a cikinsa, ragi ne yake yi. Ya ci bakwai, saura su sami abinci su girma. Mun fidda mai ragi, ramin ya cushe."

Na zauna a kan kunyar gona. Shekara ashirin ina farke cikin kifi, ina ganin abin da ya ci, ban taɓa tunanin abin da ya bari ba. Na jira ya ce ke kinka ja mana. Wallahi na so ya faɗa, da na samu na yi kuka na huta. Sai kawai ya jefar da tsiron ya matsa rami na gaba.

Da abin ya ishi mutane anka yi taro a ƙofar mai gari. Mu mata muna bayan darni muna ji. Waɗanda sunka fi kowa jan taru a Gurbi su ne sunka fi ɗaga murya. Wani ya ce kakanni sun bar amana an ci. Wani ya ce Sarkin Ruwa ya sayar da Gurbi ga Alhajin ƙanƙara, ƙarya ce tsagwaronta, ko buhu ɗaya bai fi kowa ba. Ila ya miƙe, shi da ya san komai tun daga faifan, ya ce, jama'a ku tsaya, maganar nan tana da asali, ba Yaya ne ya fara ta ba. Na kama darni na miƙe, na ce yau dai sai in faɗa da bakina kafin a faɗa mini. Sai na ji muryar babanku.

"Ila, zauna."

Ila ya ce, "Yaya, ai gaskiya..."

Ya ce, "Na ce zauna. Wa ya kafa gora? Ni. Wa ya tuge ta? Ni. Akwai wanda ya ga hannun wani a kanta?"

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to shi ke nan, sarautar ruwa ga ta nan, a ba wanda ya fi shi. Ya kaɗe rigarsa ya taho gida. Ni kuwa da na miƙe, na koma na zauna. Wannan zaman shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko, don na farko yunwa ce ta sa ni, na biyu tsoron bakin mata ne kawai. A gida na ce masa don mi ka hana Ila? Ya ce ke za ki ci gaba da zuwa rijiya da kasuwa, ni kuwa zaure ya ishe ni. Daga ranar bai sake taka bakin tabki ba. Mutumin da ke gane iska ta wari, ya koma saƙar igiya a zaure, yara na wucewa suna nuna shi.

Shekara biyu bayan haka ciwo ya kwantar da shi. Ba ya cin komai, fura ma sai da lallashi. Ran wata Talata da rana ina yi masa fifita ya ce, Hajo, da za a sami romon giwan ruwa da na sha. Tunda muke bai taɓa roƙona abinci da suna ba. Washegari na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Konni. Na bi masu kifi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda sunka san ni tun ina da kwando, kowa ya ce Hajo ai sai dai Yamai ko Yawuri. Na ƙetara iyaka, nan ma babu. A ƙarshe na tsaya wajen mai kifin ƙanƙara, irin wanda ake kawowa daga teku cikin kwali. Na ce ya zaɓo mini mafi girma. Ya tona ya tona ya miƙo mini wani da bai kai damtsena ba. Na ce wannan ne babba? Ya ce Hajiya, da can kwali guda kifi kaɗan ke cika shi, yanzu sai an tara da yawa, masu kawowa sun ce can ma manyan sun yi wuya. Na ce har teku? Ya ce haka dai anka ce masa. Na karɓa na biya, ina hawaye a tsakiyar kasuwa, yana tsammanin tsada ce ta sa ni.

Na dawo kafin la'asar. Na cire fatar da ƙayar don kada ya gane, na sa daddawa da citta da ɗan tattasai yadda yake so, na dafa shi a tukunyar ƙasa. Na tada shi na jingina da bango, na ba shi a cokali. Ya sha ɗaya, ya sha biyu, ya riƙe na uku a baki ya daɗe. Mutumin da anka haifa a cikin jirgi nake so in ruɗa da kifin kwali.

Ya ce, "Hannunki na nan, Hajo. Ina anka kama shi?"

Na ce, "Gurbi. Ila ya kama da safe. Sun fara dawowa."

Ya dube ni. Ya san ƙarya nake, na san ya sani. Sai ya yi 'yar dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin shekarar fara, ya tura kwanon wajena da bayan hannu.

Ya ce, "In na Gurbi ne, ki ce wa Ila ya mayar da shi. Ba a buɗe ba."

Kwana biyu ya ƙara a duniya. Romon yana nan a tukunya har anka dawo daga maƙabarta, ban iya sha ba, ban iya zubarwa ba.